Ranar da na zana gonar Baba a gaban jama'a

Shekarun baya, ina aji biyu a jami'a, wata gidauniya ta saka ni cikin ɗaliban da za ta ɗauki nauyin karatunsu. Sharaɗinta shi ne mu riƙa zuwa bita kan haƙƙin ɗan ƙasa da nauyin da ke kansa, in an yi dogon hutu kuma kowa ya koma garinsu ya yi wani aiki na wayar da kan jama'a. Ni kuwa a lokacin ba a cewa komai. 'Yar bitar sati uku na yi, amma na dawo Dangora ina taku kamar ni na rubuta kundin tsarin mulki.

Aikin da na zaɓa shi ne burtali, hanyar shanun da ta bi ta bayan garinmu. Gonaki sun ci rabinta, kowace damina sai an yi ka-ce-na-ce tsakanin manoma da makiyaya. A bita an koya mana a tara kowa, a kafa babban kwali, a zana taswirar gari, kowa ya ga matsalar da idonsa. Mahaifiyata ta ce, "Ka yi wa babanka maganar kuwa?" Na ce, "Haba Inna, ai taro ne na kowa da kowa, zai ji a can." Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya kyauta."

Bayan La'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Mahaifina na zaune a tabarma ɗaya da amininsa, wani dattijo Bafulatani mai ruga a wajen Badafi. Tun ina yaro, duk kaka bayan girbi shi yake sauke shanunsa a gonarmu, su ci kara su bar mana taki, Baba kuma ya ba shi dammunan dawa. Da nonon rugarsa ake dama mana fura.

Na fara zane, ina tambayar gonar wa ce nan, ta wa ce can. Duk wadda ta shiga burtali sai in ja mata layi da jan alƙalami. Biyun farko masu su ba su zo ba, aka yi dariya aka wuce. Sai na zo ta uku. Na san ta, ai a cikinta na koyi riƙon fartanya. Zuciyata ta ce in na tsallake za a ce na yi son kai. Sai na ɗaga murya na ce, "Wannan tamu ce, ta Baba. Ita ma ta ci burtali, kuma doka ba ta san uba ba." Wasu samari har da tafi.

 Aminin Baba ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da sandarsa. Can Baba ya miƙe, ya sa takalmansa ya ce, "Jama'a, a gafarce ni," ya wuce gida.

Washegari da sassafe ya ɗauki adda, ya je ya sassare duk dawar da ke gefen burtalin, ga ta kuwa ta fara ciki. Da na shiga gida Inna ta ce, "Kai dai ka yi asarar hankali. Tun kafin ka dawo suka gama maganar nan shi da amininsa a zaure. Ya yi masa alkawari da an girbe zai janye. Yanzu ka sa gari na cewa Bafulatani ne ya zuga ɗa ya tozarta ubansa."

Wannan maganar ce ta kori dattijon. Kunya ta hana shi sake tako ƙofarmu. A kakar nan bai sauka a gonarmu ba, daga baya muka ji ya kaɗa shanunsa ya yi wajen Doguwa.

Ni kuwa na rubuta rahoto, na haɗa da hoton burtalin da ya buɗe. Gidauniya ta ce aikina ne ya fi na kowa tasiri. Aka kira ni gaban ɗalibai, aka ba ni takardar yabo, aka ci gaba da ɗaukar nauyina har na gama. Wallahi ina karɓar takardar nan ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da hankali ya zo mini, na je na durƙusa gaban limamin unguwarmu na roƙe shi ya nemar mini gafara. Da ya dawo ya ce, "Babanka ya ce ya yafe maka duniya da lahira. Ya ce gaskiya ka faɗa, wurin faɗarta ne ba ka sani ba, kuma shi ne bai koya maka ba." A nan na fashe da kuka kamar ƙaramin yaro.

Ban ce abin da aka koya mana ƙarya ne ba. Burtalin yana nan a buɗe, shanu na bi. Amma garinmu yana da tasa hanyar gyara, ta zaure da saƙon baki da rufin asiri, ni kuma na shigo ban ko yi mata sallama ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, yafewar Baba ba ta dawo masa da amininsa ba. Duk Bafulatanin da ya gani daga kudu sai ya tsayar da shi ya yi cigiya. Wani ya ce ya gan shi a Tudun Wada, wani ya ce ai ya ƙara gaba.

Ranar da Baba ya rasu, muka zauna ana lissafa waɗanda za a sanar. Inna ce ta fara ambatar aminin nan nasa. Aka dubi juna, ba wanda ya san inda za a aika a gaya masa.