Burtuntunar da Na Ƙi Rubutawa

Edita, ina roƙon fili in faɗi laifina, ba tare da na kama sunan kowa ba. A shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa, lokacin muna cikin jihar Kano, ni malamin gona ne a yankin Birnin Kudu da Gwaram. Karatuna kaɗan ne, amma ina da babur da littafin rahoto da taurin kai. Aikina in zaga gonaki in duba cuta, in rubuta, in aika sama duk wata.

Aka kawo mana sabon irin dawa, gajeriya mai saurin nuna, aka ce ba ta kamuwa da burtuntuna, cutar nan da ke mayar da ƙwayar dawa baƙin gari kamar gawayi. Na bi ƙauyuka ina cewa a bar tsofaffin irin dawa, kaura da farafara. Har na ƙara da nawa, na ce wannan iri ba ya bukatar a cuɗa shi da garin magani kafin shuka. Ba wanda ya gaya mini haka. Wannan ne kuskurena na farko. Shekara biyu dawar ta yi kyau, mutane suka cinye tsohon irinsu, suka sa mini suna Malam Ba-ta-kamuwa.

A kaka ta uku, wani dattijo a Kiyako, wanda a gonarsa nake yaɗa irin, ya tare ni cikin mutane da zangarniya ɗaya. Ya murza ta a tafin hannuna, hannuna ya yi baƙi ƙirin. Ya tambaye ni cikin raha, ko dawar tawa ba ta iya karatu ba ne, shi ya sa ba ta san an rubuta ba ta kamuwa ba. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na ce Baba ya dai gauraya da tsohon iri. Ya rantse bai yi ba, ya ce in shiga tsakiyar gonar in gani da idona. Na tsaya a bakin hanya, na dubi kunya uku, na rubuta lafiya lau. Kuskurena na biyu ke nan.

Da aka girbe, ya ce a bar shi ya zaɓi iri yadda aka saba, zangarniya bayan zangarniya, ya ƙone baƙaƙen. Na ce motar ɗaukar iri tana jira. Na sa aka sussuke duka wuri ɗaya, mata suna tari cikin baƙar ƙura, aka ɗure a buhuna, na raba a Wurno da Sara. A wajenmu kuwa ba a hana maƙwabci iri, sai ya bi gida-gida a ƙwarya.

Daminar da ta biyo ruwa ya yi albarka, karan dawa ya yi kauri, kowa yana murna. Da ta fitar da kai sai ga baƙi. Na shiga wata gona a Sara da farar riga, na fito kamar mai sayar da gawayi. Abin da aka tsira da shi bai kai rumbu rabi ba, tuwonsa ma toka-toka. Wani gida a Wurno sai da suka sayar da shanun huɗarsu don sayen hatsi. Mutane suka ce daga gonar dattijon cutar ta fito, ya sani ya yi shiru. Aka daina karɓar iri a hannunsa, aka daina zama a ƙofar gidansa.

Masana suka zo, suka ce cuta tana sauya hali, irin da ya fi ƙarfinta bana yana iya faɗuwa baɗi. Suka ce da an aiko musu da zangarniya ɗaya bara, da sun tsayar da rabon. Suka buɗe rahotona, suka tambaye ni. Na ce manomin ne ya ɓoye mini. Yana zaune a wurin. Ya dube ni. Wannan ƙaryar ta fi sauran laifukana duka muni.

Aka sauya mini wurin aiki. Sai bayan shekaru na koma neman gafara, na tarar ya rasu. Babban ɗansa ya ba ni ruwa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce nasa rabon ya yafe, amma na Baba ba a hannunsa yake ba.

Don haka ina gargaɗin masu wannan aiki. Babu irin da ya gama da cuta har abada, a riƙa dubawa kowace shekara, har tsakiyar gona. Idan manomi ya kawo muku abin da ya saɓa wa takarda, ku rubuta, ku aika. In kuma kun zalunci mutum, ku je masa tun yana da bakin amsawa. Ni na je a makare, kuma da wannan haƙƙin zan tashi ranar lahira.