Allurar da Inna Dudu ta karɓa don Mamuda

Shekara talatin muna maƙwabtaka da Inna Dudu mai bandar kifi a Yelwa, ban taɓa jin ta ce wash ba. Mutanenta masunta ne na wajen Ngaski, ruwan Kainji ya tashe su. Ɗiya tara ta haifa, an ce ko ungozoma ba ta ji muryarta ba. Da wannan take alfahari, sai kuma kifinta, wanda har fataken Sakkwato ke tambaya da sunanta.

Abu ɗaya na lura da shi. In garwashi ya ƙone ta, ko haƙori ya tasar mata, sai ta kama kunnenta na hagu tana murzawa, tana zuba ba'a.

Lokacin da Yelwa ke cikin jihar Sakkwato, shekara biyu bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙan shi, santsi ya kwashe ta a bakin ruwa, ƙashin ƙugunta ya karye. Ni na yi jinyarta a asibiti. Likitan ƙashi sau ɗaya yake zuwa a wata. In ba a yi aikin ranar ba, sai ta kwanta wata guda, kuma tsoho in ya daɗe kwance haka, ba kullum yake tashi ba.

Malam Mamuda, mai allurar kashe ciwo, ya yi mana bayani. Za ta zauna ta sunkuya, ya yi mata allura a gadon baya, ƙafafu su mutu. Amma mai karaya ba ya iya zama, don haka akwai wata allurar da ake fara yi a saman cinya, in ciwon ya yi yawa.

"Inna, ciwon ya yi yawa?"

"Ciwon mi? Yi aikinka, ɗana."

Ya yarda da ita, bai yi ta cinyar ba. Da aka ɗaga ta, bayanta ya sandare kamar filafilin tuƙa kwalekwale, ya ƙi lanƙwasuwa. Sau biyu ana gwadawa. Zufa na zubo mata, tana tsokanar shi wai gashin bakinshi irin na tarwaɗa ne. Hannunta kuwa yana kunne.

Ba na son magana gaban maza, amma na matsa na faɗa mashi a hankali: ciwo na cin ta, kuma ba za ta taɓa faɗi ba.

Sai ya durƙusa gabanta.

"Inna, in faɗa maki gaskiya? Hannuna ka rawa. In ba a yi ta cinya ba, tsoro nike ji. Ki taimake ni."

Ta dube shi sama da ƙasa. "Ƙato kamarka! To, don kai. Ni ba ni jin komi."

Ya yi mata. Bayan ɗan lokaci na ga hannun ya sauko daga kunne. Ta zauna, ta sunkuya kamar mai ruku'u, har tana tambayar ko wa zai juya mata kifi.

Kafin ruwa ya sake cikowa ta koma bandar kifinta da sandarta. Ta ƙara shekara shida, kuma duk wanda ya tsaya sayen kifi sai ya ji labarin yadda ta ceci wani ma'aikaci matsoraci. Mamuda in ya biyo, sai ya cire hula ya ce, "Haka aka yi, Inna." Ita kuma ta zaɓo mashi babba ta naɗe.