Gyaran Muryar da Abokina Bai Yi Ba

Shekarun baya, lokacin ina dakon siminti a Tamanrasset, mahaifiyata ta rasu a Damagaram. Labari bai iso ni ba sai bayan sadakar bakwai. Ban yi kuka ba. Ɗakin da muke kwana a unguwar Sersouf cike yake da samari, babu inda namiji zai juya ya zubar da hawaye ba a gan shi ba.

Wata Juma'a da ba aiki, abokina ɗan Maraɗi ya ja ni siber, inda ake hayar kwamfuta. Ya nuna mini wani wasan intanet, duk rubutu ne da Faransanci: gari ne na ƙirƙira, kowa ya zaɓi wanda zai zama. Shi ya zama ɓarawo mai layar zana. Ni kuwa, duk da sarautun da ke ciki, ɗan dako na zaɓa. Ko a wasa ban iya ɗaga kaina ba.

A garin akwai wata da ke wasa a matsayin tsohuwa mai gasa burodi. Ban san sunanta ba, ban san ƙasarta ba. Ɗan dakona yana kai mata itace, tana ce masa "ɗana". Da guntun Faransancina na wanda ya gudu daga lekkol, wato makarantar boko, na sa ɗan dako ya faɗa mata uwarsa ta roƙe shi kada ya tafi, ya tafi, ta mutu yana nesa. Ita ma ta sa tsohuwa ta ba da labarin ɗanta da ya rasu yana ƙarami. Dukanmu mun san ba wasa muke ba, amma ba wanda ya tambayi wani. Duk mako Juma'a kawai nake jira.

Wasan yana da ƙa'ida. Kana iya sa mutuminka ya laɓe ya saurari wasu, amma sai ka fara rubuta musu a gefe ka nemi izini, in sun ƙi ka wuce. Ban ga baƙon abu ba. Mu ma a gida, in ka iske mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa, gyaran murya kake yi kafin ka matso.

Ran nan na rubuta mata cewa ina tsoron mahaifiyata ta tafi da fushina, ina jiran amsarta, sai allo ya nuna layar wani ta ƙare, ga ɓarawo tsugune bayan buhunan gari. Na ɗaga kai, ga abokina can kujerar ƙarshe yana ƙyaƙyata dariya.

Ta rubuto a gefe: "Kun san juna?" Kafin in haɗa jimla, abokina ya riga ni, ya ce ai ɗakinmu ɗaya, kuma ba yau ya fara saurare ba. Sai ta rubuta: "Na ɗauka mu biyu ne." Ta fita.

A waje na cakumi rigarsa. Ya ce, "Haba aboki, wasa na fa! Ɓarawo ni ke. Mi ka ke so ɓarawo shi yi, sallama?" Na sake shi, na yi tafiyata.

Na yi watanni ina komawa siber. Ɗan dakona ya tsaya da itacensa a ƙofar gidan burodi, ƙofa a rufe, har lokacina ya ƙare in tashi. Ba ta dawo ba. Abin da ya fi cina, ta tafi tana zaton ni na kawo mata ɗan kallo ta tona masa mutuwar ɗanta.

Na yafe wa abokina tun tuni, muna gaisawa. Amma tun daga ranar ban ƙara buɗe bakina kan mahaifiyata da kowa ba sai yau. A waccan ranar na tambayi tsohuwa ko tana ganin mahaifiyata ta yafe mini, kuma allo ya nuna ta fara rubuta amsa lokacin da layar ta ƙare. Har yanzu ban san abin da za ta ce ba.