Kunnen Hagun Alƙali

Alƙali bai taɓa zama a kotu ba. Mai gyaran rediyo ne, shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai aski da mai yanka makulli. Masu son kiɗa ne suka laƙaba masa sunan, domin shekara ashirin da biyar ke nan duk wanda ya rasa na zaɓa tsakanin kayan sauti biyu, wurinsa yake kawo ƙara. Tun zamanin kaset ake yi, har aka zo zamanin na'urar kiɗa ta aljihu da hedifon, abin kifawa a kunne, masu tsadar da mai su ba ya faɗa wa matarsa gaskiyar kuɗinsu. Shi kansa bai taɓa mallakar irinsu ba. Kunne kawai gare shi, kuma da kunnen nan manyan mutane suke sunkuyawa su shigo lungunsa.

Wata bakwai da suka wuce abu ya fara. Duk hedifon da ya kifa, sai ya ji ɓangaren hagu kamar an lulluɓe shi da bargo: ƙugin ganga na nan, amma siraran sautukan nan na sama sun yi ɓatan dabo. Ya sa an mayar da hedifon uku kanti. Ya zagi masu ƙera su, ya ce yanzu kowa sauri yake yi. Ya sauya igiya, ya goge bakin fulogi, ya dinga sakace kunne har matarsa ta ɓoye audugar.

Wata ranar Asabar da safe wani likitan haƙori ya shigo da kwalaye biyu a rungume. Tsohon mai kawo ƙara ne, mutumin da ke yini da kukan injin rarake haƙori, ya ce idan bai wanke kunnensa da kiɗa ba abinci ba ya shiga. Kanti sun ba shi kaya kashi biyu ya gwada, Litinin ya mayar da ɗaya. Na farko na'urar aljihu ce mai nauyin bulo, da hedifon mai raga a baya, wanda sauti ke fita ta cikinta. Na biyu wayar hannu ce da aka ɗaure mata ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti da roba, da hedifon rufaffe.

Alƙali ya yi yadda ya saba. Ya rufe na'urorin da tawul, don kada sunan kamfani ya ba ido cin hanci. Ya daidaita ƙarar su biyun da mita, domin wanda ya fi ƙara kullum shi ke cinye shari'a ko da ba shi da gaskiya. Ya sa waƙa ɗaya, ya rufe ido, likita na sauya masa.

"Na farkon ya fi faɗi," in ji shi bayan zagaye na huɗu. "Kamar makaɗan suna cikin babban zaure, kowa da wurin tsayuwarsa. Na biyun ya fi nauyin ƙasa, amma a ɗaki ɗaya ya cusa su. Sai dai na farkon, hagunsa ba lafiya."

"Haba Alƙali, sabo ne fil, jiya na yage ledarsa!"

"Sabon jariri ma yana mura."

Likita ya yi dariya. "To mu yi abin da ka koya mana mana. Juya shi, na hagu ya koma dama. In bargon ya bi shi, laifin kaya ne."

Wata bakwai Alƙali yana kewaye wannan gwaji kamar mai kewaye kwata. Ya juya hedifon a hankali, ya kifa. Bargon bai motsa ba, yana nan a kunnen hagu. Kalma ɗaya ta isa: ya ce bargon ya bi hedifon, a mayar da kayan, kowa ya ci gaba da sunkuyawa.

"Ka dawo da yamma," ya ce. "Abin yana son natsuwa."

Da rana matarsa ta kawo abinci. Ta ja kujera ta zauna a damarsa.

"Maman yara, me ya sa kullum ta nan kike zama yanzu?"

"Ta nan ake samun amsa. Ta can sai na yi magana uku."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka ce butar shayi ta daina fito, ka zauna kana kwance ta. Butar nan har maƙwabta na jin ta, Malam."

Ya ture kwanon. A hagunsa injin mai yanka makulli ya tashi da kukansa, yadda yake yi tun suna samari, katanga ɗaya ta katako a tsakani.

"In na faɗa, me ya rage? Wa zai zo wurin mai kunne ɗaya?"

"Ban sani ba," ta ce. "Amma mutum uku ka raba da kayansu masu lafiya. Ka ci abinci."

Da likita ya dawo, Alƙali bai bari ya zauna ba. "Kayanka lafiya lau. Ni ne ba lafiya. Faɗin da na ce ma, da rabin kunne na auna, kada ka riƙe shi."

Likita ya daɗe yana kallon kwalayen. "To wanne zan mayar?"

"Wanda ka fi saurin cirewa daga kanka. Ka saurara da kanka, kunnuwanka biyu ne."

Likita bai ji daɗi ba, ya zo neman hukunci an ba shi aikin gida. Duk da haka ya yagi takarda ya rubuta masa ɗakin da ake duba kunne a asibitinsu.

Ranar Litinin aka shigar da Alƙali wani ɗan ɗaki mai taga ta gilashi. Wata ma'aikaciya ta kifa masa hedifon mai yagaggen soso, ta ba shi maɓalli.

"Baba, duk lokacin da ka ji ƙara, ka danna."

"'Yata, da wannan kuke gwada mutane? Igiyarsa ma an ɗaure ta da filasta."

"Baba, danna kawai."

Ta dama ya yi ta dannawa da sauri, har da ɗan murmushi. Sai ta ce za a koma hagu. Ya ji na farko, ya ji na biyu. Daga nan ya zauna da yatsa a kan maɓalli yana jira. Ta cikin gilashin ya ga ta murɗa wani abu, ta ɗago ta dube shi, ta sake murɗawa, sannan ta ja biro ta fara rubutu.