Inda Yatsana Ya Sauka

Ni mutum ne da in na kulle shago sai na dawo na ja kwaɗon sau biyu, wani lokaci ma sai na kai bakin titi in sake juyowa. Gyaran fanka da dutsen guga nake yi a Kurmin Mashi. Karatuna bai wuce firamare ba, amma ina karanta Hausa sarai, ina kuma gane alama. Na faɗi haka ne don kada a ce jahilci ya jawo abin da ya same ni a zaɓen kansila.

Maƙwabcina, wanda katanga ɗaya ta raba mu, tsohon malamin makaranta ne. Ya girme ni, Yaya nake ce masa. Duk damina shi ke tara mutanen layi a yashe kwata kafin ruwa ya shigo mana ɗakuna, in wuta ta lalace shi ke rubuta takardar koke. Da ya ce zai nemi kansilan mazaɓarmu ba wanda ya yi mamaki. Ya kawo mini fosta na liƙa a ƙofar shago, daidai inda idona ke sauka in na ɗaga kai daga aiki. Wata da watanni ina kallon fuskarsa da alamar jam'iyyar da ke ƙarƙashinta.

Sai aka yi zaɓen fid da gwani aka ba wani takarar. Yaya ya ji haushi, ya sauya sheƙa zuwa wata ƙaramar jam'iyya. Sababbin fostocin da ya buga ba su da yawa, ban samu ba. Tsohuwar kuwa na kasa yage ta, gani nake kamar fuskar mutum zan yaga.

Ana gobe zaɓe ya tsaya a shagona bayan la'asar, ya nuna mini sabuwar alamar a wata 'yar takarda. Ya ja kunnena cewa a takardar ƙuri'a babu sunansa, babu hotonsa, alama ce kawai, tasu kuma tana can ƙasa-ƙasa. Ni da ba na son rantsuwa, sai na ji bakina ya ce, "Wallahi Yaya, ko mutum ɗaya ne zai zaɓe ka, to ni ne."

Ranar Asabar na yi sammako zuwa makarantar da rumfarmu take. Layi bai yi tsawo ba, amma rana ta yi zafi kafin a zo kaina. Aka ba ni takarda biyu, ta ciyaman da ta kansila. Na tsaya ina juya su don in tabbata wacce ce wacce, sai wani daga baya ya ce, "Malam, ba jarrabawa ba ce fa, dangwala ka ba mu wuri." Mutane suka yi dariya. Na ji kunya, na tsoma yatsa a tawada, na dangwala nan, na dangwala can, na ninke, na jefa.

Sai da na kai ƙofar makarantar na ga sabuwar fostar Yaya a jikin bango. Na tsaya ina kallon alamar. Ba ita na gani a ƙarƙashin yatsana ba. Na yi ta ƙoƙarin tunawa, ko dai ita ce, ko dai ruɗewa nake yi. Amma abu ɗaya na sani, hannuna bai gangara ƙasan takardar ba. A sama ya tsaya, a kan alamar da ta yi watanni tana kallona a ƙofar shago. Na koma wurin malamar zaɓen na tambaye ta ko ana iya fito wa mutum da takardarsa ya gyara. Ta dube ni ta ce, "Baba, abin da ya shiga akwati ya shiga."

Da yamma aka zazzage akwatin a gaban kowa, ana ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya ana kiran jam'iyya. Ina tsaye a baya ina goge yatsana a jikin riga. Tulin Yaya bai tashi daga ƙasa ba. Duka-duka ba su kai mutanen sahun gaba na masallacinmu ba. Kashegari rediyo ya faɗi sakamakon ƙaramar hukumar, wanda ya kayar da shi a fid da gwani shi ne kansila. Wato ƙuri'ata ma a tulin wancan ta kwana.

Aka shiga zuwa jaje. Zauren Yaya ya cika kamar ana suna, kowa ya shigo sai ya nuna yatsa ya ce shi kam ya sauke nauyi. Na lura masu cewa sun zaɓe shi sun ninka takardun da na gani da idona. Da na durƙusa na ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Kai kam ba sai ka faɗa ba. Taka tana ciki." Na sunkuyar da kai. Ban ce e ba, ban ce a'a ba.

Kwana uku ban iya aikin kirki ba. Na haɗa wata fanka na mayar wa mai ita, ta dawo da ita tana juyawa baya. Mai ɗakina ta gaji da ganina ina tsakurar tuwo, na gaya mata. Ta ce ƙuri'a ɗaya ba za ta ɗaga shi ba ko da ta shiga, in rufa wa kaina asiri. Ta ce rabin layin nan sun yi abin da ya fi nawa da gangan, suna barcinsu lafiya. Na ce su ba su ce wallahi ba. Ta ce, "Wa ya gaya maka?"

Na je wurin malamin da ke karantar da mu bayan asuba, na tambaye shi ko kaffara ta hau kaina. Ya sa na maimaita labarin, ya tambaye ni ko da niyya na yi. Na ce a'a. Ya ce Allah ba Ya kama bawa da kuskure, in tashi in je in nemi abincin iyalina. Na fito da sauƙi a zuciya. Kafin in kai gida sauƙin ya tafi, don na tuna ban gaya masa maganar dafa kafaɗar ba.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne maganar mai facin bakin layinmu. Yaya ya zauna ya lissafa mutanen da ya tabbatar da su, ya ga ba su yi daidai da abin da aka ƙirga ba, ya fara cire sunaye. Wani ya ce masa an ga mai faci yana hira da yaran kansila ranar zaɓe. Daga nan Yaya ya daina tsayawa wurinsa, in ya zo wucewa sai ya ɗaga hannu kawai. Mai facin ya same ni a shago ransa a ɓace, ya ce shi da matarsa duk Yaya suka zaɓa, me ya yi masa? Ban san gaskiyarsa ba. Amma na san a lissafin nan akwai gurbi ɗaya da nawa ne, an ɗora wa wani.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na bi Yaya har zaurensa. Na tsara maganar tun a hanya, da na zauna duk ta watse. Na ce masa kawai yatsana ya sauka a tsohuwar alama, ban sani ba sai da na fito, kuma ranar jaje na ji tsoron faɗa. Na ce in yana cire sunaye, ya fara da nawa, ya mayar da na mai faci.

Ya yi ta murza hularsa a gwiwa. Can ya yi 'yar dariya, ba ta jin daɗi ba.

"Duk unguwar nan kai kaɗai ne ba ka zaɓe ni ba," in ji shi. "Kowa ya zaɓe ni. Takardun ne suka ƙi."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, ai ba ganganci ba ne. Ya ce zai tsaya wurin mai faci gobe. Na miƙe ina neman takalmina, sai ya sake magana, bai dube ni ba.

"Amma da ka bar mini ƙuri'ar nan taka. Cikin 'yan kaɗan ɗin nan, taka ce kaɗai ban taɓa shakka ba. Yanzu ban san ko ta wa zan riƙe ba."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa.