Aljihun da na ɗinka wa Hamma Sa'adu

Shekara bakwai ke nan da muka kai Hamma Sa'adu makwancinsa, kuma har yau in aka tambayi dangi abin da ya yi ajalinsa, sai su ce ciwon ciki. Ƙarya ne. Ni Iliyasu, ƙaninsa, tela a kasuwar Jimeta, ni na yi jinyarsa, kuma yau zan faɗa a jarida. Mai yin fushi ya yi.

Hamma malamin firamare ne a arewacin jihar nan. Shekarar da 'yan bindiga suka tarwatsa garuruwan can, kowa ya nufo Yola, motar kayan da ya hau ta kife da su a hanya. Ƙugunsa ya karye, ƙashin ya yaga hanyar fitsari da ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda likitoci ke ce wa furostet. Sau biyu ana yi masa aiki. Ƙashi ya haɗe, ya taka da ƙafarsa, amma fitsari bai ƙara jin maganarsa ba. Aka sa masa roba da jaka, ya riƙa zuwa asibiti ana canjawa, aka kuma ja masa kunne ya yawaita shan ruwa.

A gidana na Demsawo ya zauna. Ban taɓa jin ya yi kukan gidansa da aka ƙone ba. Abu ɗaya ne a ransa, sahun farko a masallacin unguwa, don tun yana saurayi bai san sallah a baya ba. Ranar da ya fara fita, ya ɗaure jakar a cinya da tsumma, ta zame a sujada ta leƙo ta ƙafar wando. Bayan sallama wani dattijo, ba zan kama sunansa ba, ya ce masa a gaban mutane, "Malam, ai mai irin wannan lalura gida ya fi masa." Hamma ya tashi ya dawo gida. Wata biyu bai leƙa ƙofar gida ba.

Ni fa abin ya ci min rai. Na je wurin liman, ya ce mai uzuri ya yi alwalarsa ya shiga sahu, ba mai hana shi. Na dawo na farke wandonsa, na ɗinka aljihu mai zurfi ta ciki, daidai jakar, da maɓalli biyu da 'yar kafar da roba za ta bi. Ya sa, ya yi ruku'u, ya yi sujada a tsakar gida, ba abin da ya motsa. Ya dube ni ya ce, "Kai Iliya, ashe ka iya wani abu ban da ɓata wa mutane yadi." La'asar ɗin ranar a sahunsa ya yi ta, kafaɗa da kafaɗa da dattijon.

Ina ta murna, ashe ban san abin da yake yi a ɓoye ba. Don kada jakar ta cika a cikin jama'a, sai ya daina shan ruwa daga asuba har bayan isha'i. A zafin Yola fa! Matata takan ce kofinsa a cike yake dawowa, ni kuma in ce ta ƙyale shi, babba ne. Shekara uku yana haka, zazzaɓi na zuwa yana tafiya, har ƙoda ta gaza. Ranar da likita ya matsa masa ya faɗi gaskiya, ji na yi kamar in haɗiye zuciya. Harsashi bai same shi ba, mota ba ta kashe shi ba. Kunya ce ta kashe shi, kunyar da mu muka koya masa, mu da ke yabon namiji don ya iya ɓoye ciwo. Da laifina a ciki, ban ware kaina ba.

Da yana nan yau, da ya ga mutanensu sun koma gida, sun sake ɗora rufi. Amma da ya leƙo shagona, da ya ga abin da bai canja ba. Maza masu irin lalurarsa na zuwa da wando a leda don in ɗinka musu aljihun, su jira sai shago ya yi shiru, sannan su yi magana ƙasa-ƙasa kamar waɗanda suka yi sata. Me kuka sata? Ciwo ne, Allah ya ɗora muku, ku sha ruwa, ku je a canja muku roba a kan lokaci, ku fita cikin mutane.

Bara dattijon nan ya zo, tsufa ya kawo masa tasa jakar. Kansa a ƙasa ya ce, "Iliya, an ce kana wani ɗinki." Na karɓa, na yi masa irin na Hamma, maɓalli biyu. Da ya zo ɗauka, na cika babban kofi daga randa na miƙa masa.

"Baffa, ba a fita da wandon nan sai an shanye wannan."

Ya shanye tas.

"Gobe kuma in gan ka a sahun farko," na ce. "Wurin Hamma yana nan."