Takardar da ke Cikin Hular Nomau

Duk wanda ya san Malam Nomau na Aliero ya san ba ya cire hula sai don abu biyu: alwala da jita. A cikin hular akwai wata takarda da aka ninke huɗu, ta sha gumi har ta koma kalar shayi. Kafin ya buɗe ta sai ya wanke hannu da toka, wai kada warin albasa ya shiga kiɗa. Mutumin da ya shekara arba'in yana noman albasa!

Taubashina ne, ni Sahabi, kuma ni na cuce shi. Ga yadda aka yi.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, akwai wani ɗan bautar ƙasa da ke koyarwa a Jega, yana zama kusa da tasha yana kaɗa jita. Nomau ya kai albasa kasuwa, ya ji wata waƙa a hannunsa, ya tsaya saurare har motar Aliero ta tashi ta bar shi. Da malamin zai koma garinsu, sai suka yi musaya: buhun albasa, jita. Ya kuma zana masa waƙar a takarda. Ni na yi tafinta, tun da na kai aji huɗu a firamare. Layi shida, tsirkiya shida. Lambar da ke kan layi, ita ce gaɓar wuyan jita da za ka danne.

"Wanga ai noma na," in ji Nomau. "Kunya shida, ko wace da inda za a shuka yatsa. In Allah ya yarda sai na ji waƙar ga ta hito ga hannuna."

Abu ɗaya muka manta: inda ake farawa. Nomau karatun allo ya yi, bai taɓa karanta komai daga hagu ba. Ya gyara zama, ya kama daga dama.

Tun makon farko na gane. Amma wayyo, daɗin dariya! Bayan la'asar sai majalisa ta cika a ƙofar gidansa, yana bin waƙa daga ƙarshe zuwa farko, mu kuwa muna toshe baki da hannun riga. Na ce gobe zan faɗa masa. Goben nan ta shekara tara.

Na riƙa ba kaina uzuri da cewa ko na faɗa ba zai ji ba. Ai na gwada shi a kan sifili. Na ce idan ya ga sifili, ya kaɗa tsirkiya ba tare da ya danne ba.

"Sihili mi na?"

"Babu."

"To an ce babu, in kaɗa mi? Ni ba ni yi ma takarda gardama."

Duk inda ya iso sifili sai ya ɗaga hannu ya yi shiru, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi tari ya sha harara.

Da tsirkiya ɗaya ta tsinke, aka ce sai Sakkwato ake samu. Nomau ya je Sakkwato don zare guda? Ya kwance wayar birkin kekensa ya ɗaura. Na ce ba za ta yi ba.

"Wayar da tat tsai da ni da buhu biyu kan hanyar Kimba, waƙa za ta gagare ta?"

Daga ranar nan, da ƙafa yake taka birki.

Ranar da ba na mantawa, suna muka je a Maiyama, ya rataya jitarsa. Wani tsoho mai garaya ya saurara da kyau, ya ce, "Malam, kiɗin ga naka da baya shika tahiya, kamar jakin da yaƙ ƙi shiga ruwa." Wuri ya ɗauki dariya. Nomau bai kula kowa ba, ni ya juyo ya duba.

"Taubashi, kai kay yi boko. Daidai nika yi?"

Na ce, "Daidai. Haka kiɗan Turawa yake."

Ya ciro goro ya raba, ya ba ni babban ɓarin. Na ci. Har yau ina jin ɗacinsa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na je dubiya da hantsi. Na tarar da takardar a kan ƙirjinsa.

"Sahabi, takarda ba ta ƙarya. Hannuna na bai kai ba. Hannun albasa na."

Nan na kasa daurewa. Na faɗa masa komai, har da goron Maiyama. Sai ya ce in ɗauko jita, in tayar da shi zaune. Na ɗora yatsa a hagun takardar ina ja a hankali, yana bi, har sifilin ya yarda ya kaɗa. Ga wayar birki na kuka, amma waƙar tashar Jega ta fito. Matarsa Kulu ta bar daka ta leƙo.

"Ita ta," in ji shi. Ya share ido da hula. "Ashe kullum ina wuce ta, ita tana zuwa ni ina komawa." Can kuma ya ce, "Amma ka ji, taubashi, tawa ta hi ta daɗi."

Na ce ya yafe mani.

"Na yahe. Kai dai ka taɓa mani takarda ba ka wanke hannu ba, wannan ba ni yahewa."

Bayan kwana shida ya rasu. Takardar tana cikin hulata yanzu, kuma ba na buɗe ta sai na wanke hannu. Allah ya jiƙan Nomau, ya ba shi littafinsa a hannun dama, ya yafe mani shiruna na shekara tara. Amin.